Sandar Awon Pak Suardika

Duk wanda ya ce ƙauyenmu bai taɓa haifar babban mutum ba, to bai ga Pak Suardika yana fitowa daga mota ba. Ƙafa ce ke fara leƙowa, cikin farin takalmi mai dunduniya kamar bulo. Sai farin wando, sai farar riga, sai wani ƙyalle a wuya ko da rana na narka kwalta. A can ƙarshe malafa ke fitowa, mai tsini, wadda ita kaɗai ta ƙara masa kusan kamu guda. Idan aka haɗa duka, takalmi da malafa da gashin da aka tayar da mai, Pak Suardika kan kai kafaɗar mutum. Mu da muka san darajar ilimi, sai muka sa masa suna Dogo.

Mai zanen gine-gine ne, kuma ba irin na bakin kasuwa ba. Shekara shida ya yi a Jakarta, ya ɗora da mako uku a Holan, kuma a bakinsa makonni ukun nan sun fi shekaru shidan tsawo. Tun da ya dawo ya manta yadda ake cin shinkafa da hannu. Mahaifiyarsa, Men Rapi, da har yau take soya ayaba a bakin titi, ta ce ita kanta sai da ta yi masa kallo biyu kafin ta yarda nata ne.

Bu Sriasih ce ta kawo mana shi, mai gidan gasasshiyar agwagwa a Gianyar. Ta gaji gangaren nan na bakin koginmu, wanda idan kwakwa ta faɗo daga sama ba ta tsayawa sai cikin ruwa. So take a yi mata masaukin baƙi na gora zalla: ɗakuna tara a maƙale a jikin gangaren, da doguwar matakala tun daga titi har bakin kogi. Ita dai bukatarta ba ta wuce kada rufi ya yi yoyo ba. Shi kuwa Dogo, bukatarsa ta fi haka girma. Tun kafin a kafa ginshiƙin farko ya riga ya sa an ƙera masa allon tagulla, an rubuta MATAKALAR SUARDIKA. A mota yake yawo da shi, naɗe cikin tawul, kullum sai ya fito da shi ya hura masa iska ya goge. Burinsa a duniya shi ne a kafa allon nan a bakin matakala, duk wanda zai sauka kogi sai ya fara karanta sunansa.

Ranar farko ya tara mu a saman gangaren, mu goma sha bakwai, ya hau tarin yashi. Pak Suardika ba ya magana sai ya sami abin da zai hau.

“’Yan’uwana ma’aikata,” in ji shi, “daga yau ku daina kallon gora a matsayin itace. Gora ciyawa ce! A Holan na gano haka. Ba za mu yanki dutsen nan ba, ba za mu tone shi ba. Ginin zai tsaya a kansa da ƙafafu, dogaye ta ƙasa, gajeru ta sama. Kowane ginshiƙi zai hau kan dutse don kada ya sha danshi. Wannan shi ake kira gini mai ɗorewa. Na san sabon abu ne a gare ku, amma da sannu za ku fahimta.”

Babban magininmu, Kaka Renteb, yana tsugune yana tauna goronsa na ganye. Shekararsa saba’in da ’yan kai, kuma rumbun shinkafar gidan su Dogo ma shi ya ɗora shi kan duwatsu tun Dogo na yawo ba wando. Ya gyaɗa kai ya ce, “Ashe! Ka ga ni kuwa shekara hamsin ina saranta ban taɓa tambayarta ko ita mece ce ba.”

Haka muka yi ta samun ilimi. Ya koya mana a sari gora lokacin da wata ke raguwa. Ya koya mana a jiƙa ta cikin ruwan gishirin magani saboda ƙwaro. Ya koya mana a haɗa ta da turakun gora maimakon ƙusa, ni da na yi shekara ashirin ina feƙe turakun nan har yatsuna suka yi kanta. Duk abin da kakanninmu suka bar mana sai ya ɗauka, ya sa masa dogon suna, ya miƙo mana kyauta. Wane irin mutumin kirki ne wannan!

Wata rana ya zo da mai hoto, ya ce zai nuna wa duniya yadda ake sauraron gora. Ya tuɓe ƙyallen wuya, ya zaɓi wata sabuwar gora mai sheƙi, ya rungume ta, ya manna kumatu, ya lumshe ido. Babu wanda ya gaya masa cewa sabuwar gora tana da gashin nan mai ƙaiƙayi, don ba ma katse malami yana tsakiyar darasi. Kwana uku ya yi yana sosa. Men Sulasih, shugabar matan da ke ɗauko yashi, ta tambaye shi me gorar ta ce masa. Ya ce sirrin sana’a ne.

Sai aka zo kan awo. A wajenmu ba a gina wa mutum gida da awon jikin wani. Magini kan tsaga sandar gora, ya tsayar da mai gida ƙafa ba takalmi, ya auni gabarsa, wato tsawon hannuwansa biyu a miƙe, da kamunsa da taƙinsa da tafin ƙafarsa, ya tsattsaga alama a jikin sandar. Da ita ake fitar da komai: tsayin ƙofa, tudun gado, nisan matakala. Kowane awo kuma sai an ɗora masa ɗan ƙari, kamar faɗin yatsa, wanda muke kira ƙarin rai, don gidan da aka yanka cif-cif gawa ne. Da Kaka ya je wa Bu Sriasih da sanda, tana tsakanin agwagi arba’in da hayaƙi, ta ce, “Kaka, masaukin baƙi ne, ba a ciki zan kwana ba. Ku auni wanda kuka ga dama.”

Wannan magana ta faɗa kunnen Dogo, ya hau buhun siminti.

“Gini ɗa ne, mai zane kuma ubansa. Da jikin wa za a auna ɗa in ba na ubansa ba? Masaukin nan da jikina za a yanka shi. Bayan shekara ɗari, mutum zai taka matakala ya ji ƙafata a ƙarƙashin tasa.”

Kaka ya ce to, ya matso da wuƙa da sanda. “Tuɓe takalmin, Dika.”

“Pak Suardika,” in ji Dogo, don yanzu ba ya amsa sunan yarinta, sai an haɗa masa da Pak na girmamawa.

“Tuɓe takalmin, Pak Suardika. Da malafar.”

Nan fa Dogo ya dubi mu goma sha bakwai, ya dubi matan yashi da suka sauke kwanduna suka gyara tsayuwa. Ya ce shi awon jiki abu ne mai tsarki, ba a yin sa a bainar jama’a. Ya karɓi sandar ya tafi da ita gida.

Washegari ya dawo da ita, da alamominta tsaf. Kaka ya miƙa nasa hannuwan a jikin sandar, kuma Kaka ba gajere ba ne, amma yatsunsa ba su kai alamar gaba ba. Ya gwada kamu, ya ga saura taƙi guda. Tafin ƙafar kuwa, da a ce mai shi zai zo sayen silifa, sai dai a yanka masa tayar mota.

“Naka ne wannan?”

“Kana shakka ne, Kaka?”

“Ni ba na shakka. Sanda ce dai ba ta san wasa ba. Abin da ke jikinta shi za mu gina.”

“Shi nake so. Kuma ƙarin ran nan naku na yatsa ɗaya ya yi wa aikina kaɗan. Ku sa uku. Ginina yana bukatar rai sosai.”

Kaka ya tofar da jan yawu gefe, ya ce uku za a sa.

Kada a ce ba mu yi magana ba. Kaka ya sake zuwa Gianyar ya gaya wa Bu Sriasih cewa matakalar za ta yi tsawo. Ta kira Dogo a waya, ya yi mata bayanin rabin sa’a, Holan ta fito sau tara, ta gaji ta ce su ƙarata. Da Kaka ya dawo, aka ci gaba da aiki da sandar. Sai dai a tsakanin kowace matakala biyu, ta ɓangaren hagu, ya sa na huda wasu ramuka na daban na toshe su da turaku. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce in huda kawai, bakina ya cika tambaya.

Wata takwas muka yi muna aikin, kuma a wata takwas ɗin nan ƙafar Dogo ba ta taɓa sauka gangaren ba. Farin takalmi da jar laka ba sa shiri. Daga sama yake duba aiki, a rumfar mai kofi, da madubin hangen nesa a wuya. Mu muna bin tsohuwar hanyar wanka, wadda ta yi kwana-kwana ta cikin ayaba, wadda shi yake kira hanyar awaki. Kaya kuwa a babban kwando ake saukar da su, a kan igiyar ƙarfe, Men Sulasih da matanta na juya ƙarfen. Daga nesa matakalar ta yi kyau ƙwarai. Kullum sai ya ɗaga madubi ya ce, “Kun gani? Kamar ni ne a kwance a jikin dutsen.”

Gaskiya dai gini ya ginu. Rufin ciyawa ya bazu kamar malafar Dogo, ginshiƙai sun lanƙwasa sun haɗu a sama, iska na shiga ta ko’ina, kogi na ruri a ƙasa. Ni kaina idan na tsaya a ɗaki na tara sai in ji ƙirjina ya cika. Matsala ɗaya ce: kowace matakala ta kai min gwiwa, kuma guda ɗari da goma sha huɗu ne.

Ranar da malamin haikali zai tsarkake ginin, Dogo ya gayyato manyan baƙi, mutum uku daga wata mujallar gine-gine ta Jakarta. Cikinsu har da wata baturiyar Holan, Bu Marijke, wadda da ta fito daga mota sai da muka ɗaga kai muka riƙe ɗaurin kanmu. Ta ji an ce ya yi Holan, ta yi masa doguwar gaisuwa da harshensu. Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai sau uku, ya ce mata gora ciyawa ce.

Matan ƙauye, da tulin ’ya’yan itace da furanni a ka, suka bi hanyar wanka kamar kullum. Malamin haikali ma ita ya bi. Bu Sriasih da ciwon gwiwarta ta zauna a sama kan kujera. Dogo ya tare baƙinsa a bakin matakala, ya hau dutsen da za a kafa allon tagulla.

“Manyan baƙi, waccan hanyar ta awaki ce. Ku ta ƙirjin ginin za ku bi. Abin da za ku taka yanzu ba katako ba ne, ba gora ba ce, jikina ne. Kowace matakala ƙafata ce. Kowace ƙofa kafaɗata ce. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ku biyo ni.”

Ya miƙa ƙafar dama. Ƙafa ta tafi neman ƙasa, ta yi ta tafiya, ba ta samu ba. Da ta samu kuwa, gaba ɗayansa ya bi ta, malafa ta rufe masa ido. Ya gyara, ya ce da gangan ne, matakala ta farko ana yin ta ne don ta farkar da zuciya. Ta biyu ma ta farkar da ita. A ta bakwai dunduniyar takalmin hagu ta ɓalle ta riga shi zuwa kogi. Daga ta goma sai ya zauna, ya riƙa zuro ƙafafu yana jan gindi, yana yi wa baƙi bayani cewa haka magabata suke sauka don girmama ƙasa. Mutanen Jakarta biyu suka bi sahunsa suna nishi. Bu Marijke kuwa tafiyarta take yi, taku ɗaya matakala ɗaya, har da waƙa.

A ƙasa aka yi addu’a, aka yayyafa ruwan tsarki, aka ɗaura wa ginshiƙai ƙyallaye. Sannan aka zo buɗe ɗakin farko. Kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, don ba a taka daɓen gora da takalmi, kuma yau babu gidan da Dogo zai gudu. Ya tuɓe. Wayyo, sai ga mutum ya ragu a gaban idonmu. Ya miƙa hannu zai zare sakata, sakata na can sama. Ya yi ɗage, bai kai ba. Ya yi tsalle ɗaya, malafa ta faɗi. Bu Marijke ta miƙa hannu ta saman kansa ta zare.

Ciki ma haka. Gado ya kai masa ƙirji. A madubin bayi tsinin gashinsa kaɗai ake gani. Ita kuwa baturiya sai murna take yi, tana ta shiga ƙofofi tana fita ba tare da sunkuyawa ba.

“Shekara huɗu ina ƙasar nan,” in ji ta, “yau ne na shiga gida ban buga goshi ba. Ina mutumin da aka auna? Ina so in gaishe shi.”

“Ni ne,” in ji Dogo.

Ta yi dariya sosai, ta ce yana da barkwanci. Da ta ga bai yi dariya ba, ta ce to a kawo sandar ta ɗauke su hoto tare. Ka ji ikon sama, sandar tana hammatar Kaka Renteb tun safe. Ya ce shi ma bai san abin da ya sa ya taho da ita ba.

“Miƙa hannuwa, Pak Suardika.”

Ya miƙa. Ya ƙara miƙawa har wuyansa ya yi jijiya. Tsakanin yatsansa da alamar gaba, kaza za ta iya kwanciya ta yi ƙwai. Can Men Sulasih ta ce daga bakin ƙofa, “Ku yi masa uzuri, jama’a. Fararen kayan nan yawan wanki suke sha, wataƙila da shi ake haɗawa, ya tsuke.”

Malamin haikali kansa sai da ya juya baya yana gyara tabarmar da ba ta karkace ba.

Saura komawa sama. Kowa ya kama hanyar wanka, har mutanen Jakarta. Dogo ya ce shi ba akuya ba ne, mai zane ta zanensa yake hawa. Muka tsaya muna kallo. Yakan ɗora ciki a kan matakala, ya jefa ƙafa ɗaya, ya mirgina, ya tashi, ya fuskanci ta gaba. Ya yi goma sha huɗu. A ta goma sha biyar farin wando ya yi wata ƙara da aka ji har rumfar mai kofi. Ya zauna a nan, sama da nisa, ƙasa da kunya, ya ce yana nazarin yanayin wurin ne. Bayan rabin sa’a na nazari, Men Sulasih ta turo masa kwandon yashi.

Haka babban mai zanen ƙauyenmu ya iso titi, a naɗe cikin kwando, gwiwa a haɓa, takalmi ɗaya a hannu, yana lilo a saman ayaba. Matan da ke juya ƙarfen suka ce bai kai buhun yashi nauyi ba, da hannu ɗaya ma aka jawo shi.

Bu Sriasih tana zaune tana jiransa, kuma ba dariya a fuskarta.

“Dika, baƙin nawa duka daga Holan za su zo? Tsofaffi fa? Masu yara fa? Ni da gangaren ubana, sai a kwando zan ga ɗakunana?”

Ya buɗe baki, amma babu abin da zai hau a kusa, maganar ta ƙi fitowa. Kaka ne ya ce kada ta damu, ramuka suna nan a hude tun tuni, kwana goma ya isa a sa ƙananan matakalai ta ɓangaren hagu. Abin da ya rage kawai awon gaskiya, na mutumin da ƙafarsa ba ta da nisa.

“Ga shi nan a gabanka,” in ji ta. “Auna shi.”

A bakin titi aka auna shi, ƙafa ba takalmi, kai ba malafa, gaban mu goma sha bakwai da matan yashi da mutanen Jakarta da mahaifiyarsa da ta bar ayaba a wuta ta taho kallo. Sabuwar sandar ba ta ci gora da yawa ba. Da Kaka ya gama ya tambaye shi ƙarin rai nawa za a sa. Dogo ya ce, a hankali, ɗaya ya isa.

Cikin kwana tara muka gama. Ƙananan matakalan sun yi daɗin hawa ƙwarai. Tsofaffi na bin su, Bu Sriasih na bin su, yaran baƙi na gudu a kansu, har agwagin maƙwabta sun bar hanyar wanka sun dawo nan. Kuma Bu Sriasih mace ce mai adalci. Ta ce tunda wannan ɓangaren ne aka yanka da jikinsa da gaske, a nan za a kafa allon tagulla. Ni na kafa shi da hannuna, ƙasa-ƙasa, daidai inda mai sunan zai iya karantawa ba tare da ɗage ba.

Yanzu duk wanda zai sauka kogi sai ya fara karanta sunansa, kamar yadda ya yi buri. Baƙi kan tsaya, su karanta, su dubi ’yan matakalan, su yi murmushi, su tambaye mu ko Suardika jikan Bu Sriasih ne, shekararsa nawa, ya shiga makaranta kuwa?

Mukan ce ya shiga. Har Holan ya je, mako uku.